Daga Na'urar Satoshi Zuwa Wayar Ɗan Danwarai: Yadda Mainin Ya Iso Ƙasar Albasa

A damanar 2024, duk wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero ya tsaya a teburin mai shayi, ko ya kai wayarsa rumfar caji, ba zai rasa ganin samari sun sunkuyar da kai suna dannan gilashin waya da yatsu biyu uku ba. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: mainin ake yi. In ka ce me ake jira, sai a ce jira ake ta fashe. Abin bai tsaya a Birnin Kebbi ko wajen ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ba, ya gangara har mazaɓu irin su Danwarai, a ƙaramar hukumar da noman albasa ne gadon gida. Masu yi ana ce musu 'yan baiwa, wasu da yabo, wasu da zolaya. An yi gardama mai yawa a kan ko aikin banza ne ko hanyar arziki, amma ba a cika tsayawa an bi sawun abin ba, a ga daga ina ya taso, kuma me ya buɗe masa ƙofar ƙauye.

Mutanen wannan yanki ba baƙin sauyin kuɗi ba ne. A ƙarni na 19, lokacin da kasuwar Jega ke cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, da wuri ake ciniki, wanda ake ɗebowa daga tsibiran Maldives a tekun Indiya. Da 'yan kasuwar Jamus suka fara jigilar wani nau'in wuri mai araha daga Zanzibar a tsakiyar ƙarnin, suka cika gaɓar teku da shi, sai darajarsa ta yi ta zubewa, har ta kai ɗaukar kuɗin kansa ya zama kaya. Turawa suka kawo anini da kwabo da sule, Naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973. A kowane sauyi, abu biyu ne ke riƙe kuɗi: yardar mutane da shi, da kuma wuyar samunsa.

A kan wannan wuyar samu aka gina Bitcoin. Ranar 31 ga Oktoba 2008, ana tsakiyar rushewar bankunan Amurka, wani da ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takarda mai bayanin kuɗin da za a riƙa aikawa daga mutum zuwa mutum ba tare da banki a tsakani ba. Ranar 3 ga Janairu 2009 tsarin ya fara aiki. Matsalar da ya warware ita ce: in babu banki, wa zai riƙe littafin lissafi, ya hana mutum kashe kuɗi ɗaya sau biyu? Amsar Satoshi ita ce kowa ya riƙe kwafin littafin, sannan kwamfutoci su yi gasar cankar wata lamba mai wuyar samu. Wadda ta riga canka, ita za ta rubuta shafi na gaba, a biya ta da sababbin kuɗi. Ana rubuta shafi ɗaya kusan kowane minti 10, kuma duk bayan shafi 2,016, wato kimanin mako 2, tsarin da kansa yana ƙara wa cankar wuya in masu gasa sun ƙaru. Wannan gasa ita ce haƙar kuɗin, ita ce mainin na asali. Ladan ya fara da Bitcoin 50 kowane shafi, yana rabuwa biyu kusan duk shekara 4, har ya sauko 3.125 a Afrilun 2024, kuma jimillar abin da za a taɓa haƙowa ba zai wuce miliyan 21 ba.

Da farko kwamfutar gida ta isa. Daga 2013, da aka fito da na'urorin da ba su da wani aiki sai wannan canka, harkar ta koma hannun masu manyan rumbuna da wuta mai araha, a Sin kafin ta haramta a 2021, sannan a Amurka da Kazakistan da Rasha. Na'ura ɗaya ta zamani tana jan wajen wat 3,500, dare da rana babu hutu, kimanin yunit 84 ke nan a yini. A farashin Naira 225 da aka sa wa masu layin wuta na rukunin farko a Afrilun 2024, kuɗin wutar na'ura ɗaya ya kusa Naira 19,000 kullum, ban da kuɗin sanyaya ta a zafin bazarar Kebbi. Garin da ake biyan kuɗi kafin a yi cajin waya ba zai shiga wannan gasa ba. Saboda haka ya kamata a faɗa ƙarara: haƙar Bitcoin ba ta taɓa zama sana'ar talaka a ƙasar Hausa ba, kuma wayar hannu ba ta haƙo shi.

Ta ƙofar baya kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ya fara shigo wa yawancin 'yan Nijeriya. MMM, tsarin Sergei Mavrodi ɗan Rasha, ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, ya daskarar da asusun mutane a Disambar 2016, ya dawo a Janairun 2017 yana kwaɗaitar da su biya da Bitcoin. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 3 sun yi asarar Naira biliyan 18. A watan nan na Janairu Babban Banki ya gargaɗi bankuna su nisanci kuɗin intanet. Da wannan tabo sunan ya shiga kunnen dattawa, kuma ba su yi laifi ba da suka riƙe shi.

Abin da ya kawo kalmar mainin bakin ɗan ƙauye shi ne Pi Network, wanda Nicolas Kokkalis da Chengdiao Fan, masu digirin digirgir daga jami'ar Stanford, suka ƙaddamar ranar 14 ga Maris 2019. Dabararsu mai sauƙi ce ƙwarai: ka sauke manhaja, ka danna maɓalli sau ɗaya duk awa 24, lamba ta riƙa hawa a gilashin wayarka, in ka gayyato wani saurin hawan ya ƙaru. Ba a neman ko kwabo. Wayar ba ta yin wata canka, ba ta tsaron wani littafi. Kamfani ne ke rubuta maka rabo saboda ka nuna kana nan. Amma ga matashin da bai da jari, abin da ba ya cin komai sai data kaɗan ba abin ƙi ba ne, kuma tsarin gayyata ya dace da yadda muke rayuwa: wa ya sa ƙane, ƙane ya sa abokin makaranta, ɗalibi ya dawo hutu ya sa 'yan gidansu duka.

Gwamnati kuwa ta taimaka wa abin da take son kashewa. Bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020, wadda masu tara mata gudummawa suka koma karɓar Bitcoin da aka toshe musu hanyar banki, Babban Banki ƙarƙashin Godwin Emefiele ya umarci bankuna ranar 5 ga Fabrairu 2021 su rufe asusun masu hulɗa da kirifto. Ciniki bai tsaya ba, sai ya koma hannu da hannu, wanda ake kira P2P: kasuwa irin Binance ta riƙe kuɗin mai sayarwa amana, mai saye ya tura Naira ta banki kamar kowane ciniki, sannan a saki kaya. Gwamnati ta fito da nata, eNaira, ranar 25 ga Oktoba 2021, mutane ba su waiwaye shi ba.

A ganina shekarar da ta yanke hukunci ita ce 2023. Canjin fasalin Naira ya jawo ƙarancin takardar kuɗi a watannin farko, har dillalin albasa da mai sayar da itace, waɗanda da ba su yarda da komai ba sai abin da suka ƙirga da hannu, suka buɗe OPay da Moniepoint da PalmPay don dole. Cikin 'yan makonni ƙauye ya koyi cewa lamba a waya tana sayen hatsi. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da ke wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Daga nan dala 10 ta zama kuɗin da za a yi cefane da su. Wanda ke ganin matasanmu kwaɗayi ne kawai ya tura su, bai duba wannan lissafin ba.

Ana cikin haka Notcoin ya bayyana a manhajar Telegram a Janairun 2024: hoton tsaba a gilashi, kana dannawa maki na taruwa. Mutum miliyan 35 suka shiga a duniya. Ranar 16 ga Mayu aka sa shi a manyan kasuwanni, makin ya zama kuɗi, waɗanda suka yi da gaske suka canza rabonsu zuwa USDT, kuɗin intanet mai tafiya da darajar dala, daga nan zuwa Naira a asusunsu. Ta fashe. Wanda ya yi wa maƙwabcinsa dariya jiya ya ga alat da idonsa, kuma babu wa'azin da ya kai wannan ƙarfi. Sai aka ruga Hamster Kombat da TapSwap da wasu barkatai. Masu Hamster suka ce 'yan wasansu sun kai miliyan 300. Ranar 26 ga Satumba aka yi rabo, akasarin mutane suka tashi da abin da bai wuce 'yan daloli ba bayan wata da watanni suna kallon bidiyo da neman lambar sirrin yini. Suka ce an ba su ƙura. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: Notcoin da Hamster kowanne ya buga tsaba wajen biliyan 100, amma masu jiran rabon na biyu sun ninka na farko sau da yawa. Abin da ya sami wurin Zanzibar ne ya maimaita kansa.

Wa ya ci riba? Masu manhaja sun sayar da talla, sun tara mabiya a YouTube, kasuwannin kirifto sun sami miliyoyin sababbin masu rajista ba tare da sun sha wahalar nemansu ba. Hajar da aka yi ciniki a kai ita ce yawan jama'a da lokacinsu, mu kuwa Allah ya ba mu matasa masu yawa da lokacin da babu aikin da ya cike shi. Wannan ne ya fi damuna a labarin duka.

Pi ya fito kasuwa ranar 20 ga Fabrairu 2025, bayan kusan shekara 6. Ya taɓa kusan dala 3 cikin mako guda, sannan ya gangaro ƙasa da dala 1. Shekaru kafin nan wasu sun yi ta yaɗa cewa kowane Pi zai kai dala 314,159, farashin da kamfanin bai taɓa sanarwa ba. Da an yi lissafi da an huta: Pi biliyan 1 kacal a wannan farashi ya kai dala tiriliyan 314, kusan ninki uku na abin da duniya gaba ɗaya ke samarwa a shekara, alhali Pi biliyan 100 aka tsara. Masu cewa a riƙe kada a sayar sukan kawo misalin manomin da ke zuba albasa a rudu bayan girbi yana jiran ta yi tsada. Misalin ya yi daidai ta fuskar haƙuri, amma manomin ya san dalilin da zai sa farashi ya tashi: albasa za ta yi ƙaranci, kuma tukunya a Legas da Fatakwal ba ta daina nemanta. Mai riƙe tsaba shi ma sai ya iya faɗin wa zai buƙace ta, kuma don me. Ga kuma wahalar tantancewa da katin ɗan ƙasa, wadda ta tsare rabon mutane da yawa, ta buɗe wa 'yan damfara hanya: sai a ce kawo kalmomin sirrinka 24 a taimaka maka, alhali duk wanda ya riƙe kalmomin nan ya riƙe asusun, kuma babu ofishin da za a kai kuka a dawo da abin da aka kwashe.

Malamai sun rabu, kamar yadda suka rabu a sauran ƙasashen Musulmi. Tsohon Muftin Masar, Shawki Allam, lokacin yana kan kujera, ya haramta cinikin Bitcoin saboda garari da kamanninsa da caca. Majalisar malaman Indunisiya ta hana amfani da kirifto a matsayin kuɗi a 2021, yayin da kwamitin shari'a na hukumar hannun jarin Malesiya ya halatta cinikinsa a kasuwanni masu rajista a 2020. A nan gida tambayar takan zo a dunƙule, alhali abu uku ne mabambanta: karɓar kyautar da ba ka sa kuɗinka ba, sayen USDT don kare jari daga faɗuwar Naira, da kuma cinikin hasashen farashi da kuɗin aro, inda jarin mutum kan ƙone cikin minti ɗaya. Na ukun nan ne ya fi cin kuɗin waɗanda suka fara da danna waya suka ga sun ƙware.

Hukuma ta ci gaba da jan igiya tana saki. A Disambar 2023 Babban Banki ya janye haramcin 2021. Wata biyu bayan haka aka tsare jami'an Binance biyu, Tigran Gambaryan da Nadeem Anjarwalla, a Abuja, gwamnan bankin Olayemi Cardoso ya ce dala biliyan 26 sun bi ta kamfanin a shekara guda, Binance ta daina hulɗa da Naira a Maris 2024, 'yan P2P suka koma wasu kasuwannin. Duk da haka kamfanin bincike na Chainalysis ya sa Nijeriya ta biyu a duniya wajen rungumar kirifto a 2023 da 2024. A Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta amince da kadarorin intanet, ta sa su ƙarƙashin hukumar hannun jari, SEC, ta kuma tanadi ɗauri ga masu tsarin damfara irin na MMM. Ba a yi wata guda ba CBEX, mai alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da dukiyar jama'a.

Dokar tana nan da Turanci, jerin kamfanonin da SEC ta amince da su, irin su Busha da Quidax, yana shafinta na intanet. Yaron Danwarai da ya koyi buɗe asusu, da tura kuɗi tsakanin manhajoji, da karanta jadawalin farashi, duk a waya mai tsagaggen gilashi, ya nuna yana iya koyon abu mai wuya ba tare da malami ba. Hukumar da ke son kare shi sai ta same shi a inda yake, da Hausa, a rediyon jiha da masallacin Juma'a da rumfar caji. Jami'ar da ke Aliero kuma tana da sashen kimiyyar kwamfuta da zai iya ɗaukar irin waɗannan yara a gajerun kwasa-kwasai lokacin hutu, ya koya musu rubuta manhaja da tsaron asusu.