Harbin da Babu Harsashi a Ƙasar Daura

A hawan Sallah ko na Gani a Daura, 'yan bindiga kan ɗura albarushi, su danne shi da tsumma, su ɗaga bakin bindiga sama su saki. Ƙara ce da hayaƙi, babu harsashi. Jama'a sun ɗauki abin a matsayin adon sarauta kawai, amma a ganina ragowar horo ne, irin wanda duk mai riƙe bindigar toka ya wajaba ya sha kafin a yarda da hannunsa.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tarihin Kano ya nuna Sarki Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Ita kuwa Daura, bayan jihadi sarautar Haɓe ta koma Zango da Ɓaure, inda ta jingina da Damagaram, wadda Sarki Tanimu ya cika da bindigogi a ƙarni na 19, har ana ƙera igwa da haɗa albarushi a birninsa. Mai'adua ta ƙasar Daura na kan hanyar da ke bi ta Kwangwalam zuwa Damagaram, don haka ba ta yi nisa da wannan sana'a ba.

To, me ya sa harbin wofi yake horo? Sai a dubi yadda tsohuwar bindigar take aiki. In an ja kunama, ƙanƙara ce za ta bugi ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushin da ke waje dab da fuskar mai harbi, sannan na ciki ya tashi. Tsakanin nan akwai ɗan jinkiri, kuma a cikinsa ake ɓarna: baƙon hannu yakan runtse ido, ya fizgi kunama, kafaɗa ta noƙe tun kafin bindiga ta yi naushi, saiti ya kauce. Maganin abin shi ne maimaici har jiki ya daina tsoro, ga shi kuma darma ba a banza ake samunta ba. Sojojin Ingila na wancan zamani sun yi irin wannan dabara, suna ɗaura guntun itace a madadin ƙanƙara lokacin atisaye, don a yi ta jan kunama ba tare da asara ba.

Wani zai ce wanda ya harbi sama bai koyi saiti ba. Gaskiya ne, sai dai saiti ba shi ne mai wuyar ba; maharbi ya riga ya iya shi tun daga kwari da baka. Abin da bindiga ta zo da shi sabo shi ne awon albarushi, saurin ɗuri, da tsayuwar yatsa a gaban wuta, kuma duk ukun ana samunsu a harbin wofi, haɗe da sabar wa dawaki ƙara, wanda ba ƙaramin al'amari ba ne ga rundunar da ƙarfinta barade ne. Wani kuma zai ce baka ta fi bindiga yawa a yaƙe-yaƙen lokacin. Haka ne, amma ƙarancin bindigar da kayan ɗurinta shi ne ma ya tilasta a koyi jan kunama da arha.

Da Turawa suka ɗora Malam Musa na gidan Haɓe kan gadon Daura a farkon ƙarni na 20, yaƙin sarakuna ya ƙare, bindigar toka ta rage a hannun fada da mafarauta. Masu koyon harbi na yau da ke sa harsashin roba, ko na'ura mai haska ɗigon haske a bango ta nuna rawar hannu, fizgar nan ta yatsa suke yaƙa.