Katin Hoto Na Kwamfutar Tace Bidiyo

Katin hoto ƙaramin allo ne da ake sokawa a ramin PCI Express na kwamfutar tebur, domin ya rage mata nauyin sarrafa hotuna. Da shi masu tace finafinai a Kano da masu haɗa bidiyon biki suke aiki.

Manhajar da za a yi aiki da ita ce ke nuna katin da ya dace. DaVinci Resolve ta fi Adobe Premiere Pro dogaro da kati, kuma dukkansu suna karɓar na Nvidia da na AMD. Bidiyon 4K yana buƙatar katin da ma'ajiyarsa ta kai gigabait 8.

Sai batun wuta. Ramin ba ya bayar da fiye da wat 75, don haka babban kati sai an ja masa waya daga akwatin wutar kwamfutar. Idan akwatin ya gaza, kwamfutar kan mutu ana tsakar aiki.

Wanda zai taso daga Birnin Gwari zuwa Kaduna ko Kano sayen kati, musamman na hannu, gara ya tafi da kwamfutarsa a gwada a gabansa kafin ya biya, kada ya yi asarar kuɗi da ta tafiya.