Sifinja: Yadda ake gane samfuri da kayan asali na tsohuwar Bedford a Sudan

A kan hanyar Khartoum zuwa Wad Madani, wadda ta ratsa Kamlin a gaɓar Shuɗin Nilu, da wuya a samu dattijon da bai hau Sifinja ba. Sunan da mutanen Sudan suka laƙaba wa babbar motar Bedford TJ ke nan, suna kwatanta taushin tafiyarta da na silifas ɗin soso. Ita ce ta daɗe tana ɗaukar dawa, gyaɗa da fasinja tsakanin ƙauyukan Jazira da Sinnar, har da garuruwan Hausawa da Fulani irin su Mai Wurno.

Kamfanin Vauxhall na Ingila ya fara ƙera TJ a 1958 a garin Dunstable, ya kuma daina a tsakiyar shekarun 1980. Bayansa kamfanin AWD ya ci gaba da ita na wasu shekaru, an kuma haɗa irinta a Indiya da Pakistan. Don haka kalmar "Bedford" kaɗai ba ta isa a saya wa mota ko da gaskit ba.

Abu na farko shi ne siffa. TJ tana da dogon hanci da gilashin gaba guda ɗaya. Magabatanta TA da TD gilashinsu a rabe yake gida biyu, TK kuwa ba ta da hanci, direba a can gaba yake zaune. A cikin TJ ɗin ma akwai daga J0, wadda ba ta wuce a-kori-kura ba, zuwa J5 da J6 masu ɗaukar kaya masu nauyi. Birki da sifirin na ƙananan ba su yi wa manyan.

Inji ne inda aka fi asarar kuɗi. Akwai na fetur mai lamba 214 da mai 300, sannan na dizal mai 300 da mai 330. Lambar 300 ta fito sau biyu ke nan, kuma mai sayar da kaya ba lallai ya tambaya ba. Na fetur yana da fulogi da kafireto, na dizal yana da famfon mai da nozul. Dizal 300 da 330 kuwa a ido kamar tagwaye suke, amma faɗin silinda ya bambanta: kusan milimita 98 a na farko, 103 a na biyu. Fistin da ringin ɗaya ba su shiga ɗayan. Ƙwararren makanike yakan buɗe ya auna kafin a aika kuɗi kasuwa.

Farantin lamba da ke jikin motar ma ba hujja ba ce ita kaɗai. Maƙeran Sudan sukan kwance Sifinja gaba ɗaya, su ƙara wa shasi ƙarfe, su ƙara ganyen sifirin, su sake bodi, domin ta ɗauki fiye da abin da kamfani ya ƙayyade, ta kuma jure yashi da laka. Wannan aikin ne masani Bajamushe Kurt Beck ya yi nazari a kai, Valerie Hänsch kuma ta yi fim kansa a 2009. A mota ɗaya ana iya samun shasin wata shekara, injin wata, kan direba na wata. Sai a duba lambar shasi daban, ta inji daban. Ƙarfen da maƙeran suka ƙara ba jabu ba ne, kuma wanda ya yanke shi don motar ta koma yadda ta fito daga Ingila ya rage mata ƙarfi da tarihi.

Notuna suna tona asiri. Na asali da ma'aunin inci aka yi su. Idan sufanar milimita ta kama daidai, mai yiwuwa an taɓa canja wurin, tilasta ta a kan na inci kuwa cinye kan noti take yi. Sitiyari ma alama ce, ko da yake ba tabbatacciya ba: Sudan ta koma tuƙi a hannun dama a 1973, shekara ɗaya bayan Najeriya, don haka mai sitiyari a dama takan nuna tsohon zubi.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da kasuwannin kayan gyara na Khartoum, Wad Madani ma ta faɗa cikinsa daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025. Mai gyara a yau ya fi dogara da kayan da aka cire daga matattun motoci. Wanda zai saye su ya tafi da tsohon ƙarfen a hannu, a jera shi da wanda za a ba shi, a ƙirga ramukan noti, a auna.