Yaran da Ake Kashewa Saboda Asalinsu: Giɓin da Ke cikin Dokokin Nijeriya kan Laifukan Ƙiyayya

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda aka yi shari'ar kisan wani yaro Bafalasɗine a Amurka da irin tanadin da dokokin Nijeriya suka yi wa kisan da ƙiyayyar addini ko ƙabila ta haddasa. Ta gano cewa muhawarar da aka yi a Abuja ta tsaya ne ga kalaman ƙiyayya, aka bar aikin ƙiyayyar kansa ba shi da suna a kundin hukunta laifuka.

Gabatarwa

Ranar 14 ga Oktoba, 2023, mako guda da ɓarkewar yaƙin Gaza, Joseph Czuba, dattijo mai shekara 71, ya shiga ɓangaren da wasu Falasɗinawa ke haya a gidansa da ke Plainfield, kusa da Chicago. Ya sari uwar iyalin da wuƙa, ta samu ta shige bayi ta kulle tana kiran 'yan sanda. Shi kuwa ya juya kan ɗanta, Wadea al-Fayoume, wanda bai daɗe da cika shekara shida ba, ya caka masa wuƙa sau 26. Iyalin sun daɗe suna zaune da shi lafiya. Abin da ya sauya shi ne abin da yake ji a kafafen watsa labarai game da Musulmi da Falasɗinawa. A Fabrairun 2025 masu taya alƙali shari'a suka same shi da laifin kisan kai da kuma laifin ƙiyayya, a watan Mayu aka ɗaure shi shekara 53.

Ma'anar tuhuma ta biyu

Laifin kisan kai kaɗai ya isa ya ajiye wannan tsoho a kurkuku har ƙarshen ransa. To mene ne amfanin tuhumar ƙiyayya? Amfaninta shi ne ta tilasta wa masu gabatar da ƙara su kawo hujja kan dalilin kisan, kotu ta saurara, ta rubuta. Saboda haka babu mai iya cewa gobe rigimar kuɗin haya ce ko taɓin hankali. Ga kuma ƙididdiga: tun 1990 dokar Amurka ta wajabta tattara alƙaluman irin waɗannan laifuka, a 2009 aka faɗaɗa ikon gwamnatin tarayya na gurfanar da masu aikata su. Tsarin yana da nasa rauni, domin ba kowane ofishin 'yan sanda ke miƙa rahoto ba, kuma bai hana wata mata yunƙurin nutsar da yarinya Bafalasɗiniya 'yar shekara uku a wurin ninƙaya a Texas a Mayun 2024 ba. Amma dai laifin yana da suna, ana kuma ƙirga shi.

Halin da ake ciki a gida

A Mayun 2022 'yan bindiga suka tare wata mata mai tsohon ciki, 'yar asalin jihar Adamawa, a Isulo da ke jihar Anambra, suka harbe ta tare da 'ya'yanta mata huɗu, babbarsu shekararta tara, ƙaramar biyu. Hotunan gawarwakin, da hijaban yaran a jikinsu, sun zagaya wayoyin jama'a. Shugaba Buhari ya yi tir, Gwamna Soludo ya yi tir, ƙungiyar IPOB ta ce ba ita ba ce. Mutanen Arewa sun yi imani asalin matar ne ya jawo mata. Matsalar ita ce ko da an kama makasan da bindigoginsu a hannu, babu tuhumar ƙiyayya da ke jiransu. Kotu ba ta da hurumin da zai wajabta mata ta tabbatar ko ta kore wannan zargi. Haka abin yake ga matafiyan da aka kashe a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021, da mafarauta 16 da aka ƙone a Uromi a Maris na 2025. Haka kuma yake ga yaran Kirista da suka mutu a cocin Owo a Yunin 2022. Giɓin bai san addinin kowa ba.

Ba a rasa dokoki ba. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wariya, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ke aiki a Birnin Tarayya ta maimaita hakan ga yara, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta hukunta yaɗa ƙyamar launin fata ko ƙabila ta kwamfuta. Babu ɗaya daga cikinsu da ta ce ƙiyayya tana ƙara wa laifin duka ko kisa nauyi.

Da Majalisar Dattawa ta taɓo batun a Nuwambar 2019, ta hanyar ƙudurin Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, baki ta nufa, ba hannu ba. Ƙudurin ya tanadi rataya ga wanda kalamansa suka jawo asarar rai. 'Yan jarida da lauyoyi suka ga takunkumi ne ake shirya wa masu sukar gwamnati, kuma tsoronsu yana da tushe. Ƙudurin ya mace, ya tafi da damar tattauna abin da ya fi muhimmanci. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya a kan gidajen rediyo da talabijin daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5, nan ma dai baki aka bi.

Abin da ya kamata a gyara

A ganin wannan nazari, gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma. Sashe guda a kundin Final Kod na Arewa da takwaransa na Kudu ya isa: idan aka tabbatar an zaɓi mutum ne saboda addininsa, ƙabilarsa ko jiharsa, hukunci ya ƙaru, ya kuma ƙara tsanani idan yaro ne. Birnin Tarayya ne wurin farawa, tunda Majalisar Tarayya ce ke yi masa doka kai tsaye, ba sai an jira majalisun jihohi ba. Sai a ɗora wa rundunar 'yan sanda rubuta zargin ƙiyayya tun a takardar ƙorafin farko, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa kuma ta riƙa fitar da alƙaluman kowace shekara, tare da ware adadin yara daban.