Misali a Alƙur'ani: Ado Ne ko Jigon Ma'ana?

Malaman balaga sun daɗe suna nazarin yadda Alƙur'ani yake isar da saƙo ta hanyar kamance da aron magana. Abdulƙahir Jurjani, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Asrarul Balaga cewa misali yana ɗauko ma'anar da hankali kaɗai ke riska ya kai ta inda ido zai gan ta, shi ya sa take ratsa zuciya. A kan wannan ginshiƙi nake kafa hujjata: misali a Alƙur'ani wani sashe ne na ma'anar kanta, wanda ya tuɓe shi ya rage saƙon.

Mu dubi aya ta 264 a Suratul Baƙara. Hukuncinta gajere ne, wato gori da riya suna ɓata sadaka. Amma ayar ta kawo falalen dutse da 'yar ƙasa ta lulluɓe, mai kallo ya zaci gona ce. Da mamakon ruwa ya sauka sai ya wanke ƙasar, dutsen ya fito fili. Abin lura shi ne, ruwan da ke raya shuka shi ne ya tona asirin dutsen, alhali a aya ta 265 irin wannan ruwan ne ya ninka amfanin lambun da ke kan tudu. Ashe bambancin yana ga abin da ke ƙarƙashi, wato niyya. Hukunci tsurarsa ba zai koyar da wannan ba.

Haka ma aya ta 39 a Suratun Nur, inda aka kamanta ayyukan wanda ya kafirta da kawalwalniya. Mai ƙishirwa bai yi lalaci ba, tafiya ya yi da kyakkyawan zato, sai da ya isa ya tarar babu ruwa, hisabi ke jiransa. Misalin ya haɗa wahala da buri da nadama a hoto guda.

Akwai masu ɗari-ɗari da wannan fage. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 728, ya ƙi yarda a raba magana gida biyu, haƙiƙa da majazi, domin kada a buɗe ƙofar tawilin siffofin Allah. Damuwarsa abar dubawa ce, sai dai ba ta shafi misalai ba. Almajirinsa Ibnul Ƙayyim ya yi dogon sharhi a kansu cikin I'ilamul Muwaƙƙi'ina.

Wannan matsayi na misali ya ɗora nauyi a wuyan masu tafsirin azumi a ƙasar Hausa. Idan mai jan baƙi ya kai ayar misali, bai kamata malam ya faɗi darasi a gurguje ya wuce ba. Ya warware hoton daki-daki, domin aya ta 43 a Suratul Ankabut ta danganta fahimtar misalai da ma'abota ilimi, kuma aikin mai ilimi ne ya kai sauran jama'a ga wannan fahimta.