Tarihin Murhun Bango Da Bututun Hayaƙi: Abin Da Turawa Suka Koya Da Wahala



Duk wanda ya taɓa bi ta tsofaffin gidajen Turawan kuza a Jos ko Barikin Ladi zai ga wasunsu da ɗan gini a tsaye bisa rufi kamar ƙaramar hasumiya. Bututun hayaƙi ke nan, a ƙasansa kuma akwai murhu a jikin bangon falo na jin ɗumi. Turawan Ingila da suka zo haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, waɗanda kakanninmu suka biyo aikinsu daga Kano da Zariya da Bauchi, su suka zo da wannan gini daga ƙasarsu saboda sanyin Filato. To, abin yana da tarihi, kuma tarihin ya ci rayuka.

A zamanin da, mutumin Ingila a tsakiyar ɗaki yake hura wuta, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta rufi. Sai wajen ƙarni na 16 bututun bulo ya yaɗu a gidajen talakawa. Da ya yawaita, hukuma ta sa masa ido. A 1662 aka ɗora harajin murhu, sule 2 a shekara kan kowane murhu, har wasu suka riƙa toshe nasu don gudun biya. An soke harajin a 1689.

Bayan gobarar da ta cinye birnin Landan a 1666 aka sake gina garin da bulo. Gidaje suka yi tsawo, ana ƙona kwal, hanyoyin hayaƙi kuma suka zama matsattsu masu kwana-kwana, wasu inci 9 ne faɗinsu, ɗaya gefen inci 14. Babba ba ya shiga, sai aka koma tura yara ƙanana, yawancinsu marayu da 'ya'yan matalauta, su hau ta ciki suna kankare kunkunniya. Wasu su maƙale, wasu numfashi ya ɗauke musu. A 1775 wani likita, Percivall Pott, ya gano cewa kunkunniyar nan na jawo musu ciwon daji a maraina. An yi doka a 1788 cewa kada a ɗauki yaron da bai kai shekara 8 ba, amma ba a bi ta ba. Sai a 1875, bayan wani yaro mai suna George Brewster ya mutu sakamakon maƙalewa a bututun wani asibiti kusa da Kambirij, aka yi dokar da ta kashe sana'ar. Alhali kuwa buroshi mai dogayen sanduna da ake haɗawa ya daɗe da samuwa.

Wata matsalar kuma, buɗaɗɗen murhu ɓarnar itace gare shi, don mafi yawan zafin bin hayaƙi yake ya fice. A Amurka, wajen 1742, Benjamin Franklin ya ƙera murhun ƙarfe da ake girkawa a bakin na bango. A 1796 kuma Rumford ya nuna wa mutanen Landan yadda za a rage zurfin murhu, a karkata gefunansa, a matse maƙogwaronsa, hayaƙi ya riƙa tashi da ƙarfi. Daga nan aka fara gane cewa dole girman hanyar hayaƙi ya dace da girman wutar.

Amma ɗan Adam da mantuwa. Da man fetur ya yi tsada a 1973, Amurkawa da yawa suka koma wa itace. Sai su sayo rufaffen murhun ƙarfe mai ƙofa, su tura shi cikin tsohon murhun bango, ba tare da sun haɗa shi da komai ba. Shi irin wannan murhu a hankali yake cin itace, hayaƙinsa ma a hankali yake tashi. Idan ya shiga ƙaton bututun bulo mai sanyi, sai ya huce tun bai kai sama ba, ya daskare a bango ya zama baƙin abu kamar kwalta. Ran da wannan kwaltar ta kama wuta, bututun kansa ne ke ci, daga nan sai rufi. Gobarar da aka sha ita ta haifar da ƙa'idar da masu wannan aiki ke bi a ƙasashen sanyi yanzu.

Ga yadda take. Da farko a share bututun tas daga sama har ƙasa, a fitar da kunkunniya da sheƙar tsuntsaye. Sannan magini ya duba bulo da simintin da ke tsakaninsu, a kunna abu mai hayaƙi a ga ko yana tsiyaya ta wata tsaga zuwa ɗaki ko cikin silin. Duk inda ya tsage a gyara. A auna faɗin murhun da tsawonsa da zurfinsa kafin a sayo na ƙarfen. A cire ƙarfen da ke rufe maƙogwaro idan ya tare hanya, a zura bututun ƙarfe mara tsatsa, galibi mai inci 6, tun daga bakin sabon murhu har ƙololuwa. A toshe sauran sararin da faranti, a sa hula a sama don ruwan sama da tsuntsu. Daɓen gaban murhu kuma ya zama na dutse ko bulo, ba katako ko darduma ba. Itacen ma busasshe ake so, don ɗanye shi ke tara kwaltar. A Ingila tun 2010 doka ta ce duk inda aka girka sabon murhun itace ko kwal, sai an sa na'urar da ke ƙara idan ta ji iskar guba.

Jama'a, wannan iskar ita ce abin tsoro. Sunanta kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da barci take fara kawowa, mutum ya kwanta bai tashi ba. Wanda ya gaji ko ya kama hayar tsohon gidan Turawa, kada sanyin hunturu ya sa ya hura wuta a murhun da ya shekara hamsin ba a leƙa cikinsa ba. Mu kuma da ba mu da bututu ko ɗaya, kaskon gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, ko janareta a baranda kusa da masu barci, iskar nan ce dai suke fitarwa. Rigakafi ya fi magani. A jawo kunnen iyali da yaran shago masu kwana a kasuwa.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa mu ga bayan sanyin bana lafiya. Wassalam.