Awon Igiya da Ƙa'idojin Yanka Filaye a Kewayen Kano

Fasalin unguwa yana tabbata ne tun ranar da aka yanka gona zuwa fulotai, kafin a aza tubali ko ɗaya. A yankunan Ungogo da Kumbotso, inda birnin Kano ke ta cin gonaki, sau da yawa mai gona da dillali ne ke wannan yanka, abin da ake kira awon igiya. Tunda kowane taku na fili kuɗi ne, sai a matse hanya, a hana magudanar ruwa wuri, a mance da makaranta da maƙabarta.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, ta tabbatar cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Sakamakon haka, ikon amincewa da taswira yana wurin hukumar jiha, wato KNUPDA, alhali dagaci da mai unguwa, waɗanda ake cinikin filin a gabansu, ba su da ma'aunin da za su riƙe.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne a taƙaita ƙa'idojin, a kuma sauko da su ƙasa. Uku sun wadatar: mafi ƙarancin faɗin hanya da motar kashe gobara za ta iya shiga, magudana mai bin gangaren ƙasa, da kason da za a ware wa jama'a. Kada a sa hannu a takardar ciniki sai jami'in ƙaramar hukuma ya ga taswirar.

Masu suka za su ce wannan zai ƙara tsadar fili ga talaka, ya kuma buɗe ƙofar cin hanci. Gaskiya ne, idan sharuɗɗan suka yi yawa. Tsananin ƙa'ida da jinkirin ofis ne ma ke kora mutane zuwa awon igiya. Amma hanyar da ba a bari ba yau, sai da rusau da biyan diyya za a same ta gobe, kuma talakan nan ne ambaliya ke fara ci wa gida. Saboda haka ya kamata jiha ta tsara ma'auni, ƙaramar hukuma ta aiwatar, a kuma liƙa taswirar a bainar jama'a kafin a sayar da fuloti na farko.